Gam a Bakin Kwano

Auta tana tsugune a bakin ramin gyaran mota tana wanke notuna cikin gwangwanin fetur, sai ga farar motar ta shigo gareji tana ɗigar da baƙin mai a bayanta kamar akuya mai zawo. Tun kafin a kashe inji ta gane ta. Duk matar da mijinta ya taɓa ja wa Mai Motoci bas ta san motar nan, don ita ce ke tsayawa a bakin tasha kowace safiya, gilashi a rufe, mai ita yana ciki yana kallon wanda ya makara.

Ya fito da ƙyar, tumbi ya riga shi fitowa, da wani dogon kwali a hammata. Yayan Auta, wanda shi ne mai garejin, ya taso da sauri yana goge hannu a wando, yana sannu da zuwa maigida, sannu da rana maigida, har da ɗan rusunawa. Ita kuwa ta ci gaba da juya notunanta.

Mai Motoci ya ce kwanon man da ke ƙarƙashin inji ne yake yoyo, duk ya ɓata masa daɓen gida. Ya buɗe kwalin ya zaro sabuwar gasket, robar nan da ake shimfiɗawa tsakanin kwano da inji don kada mai ya tsiyaye. Ya ɗaga ta a rana yana nuna wa Yaya tambarin kamfani, ya ce ta asali ce ba jabu ba, sai da ya sa aka nemo masa. Bakaniken da ke duba masa bas-bas yana nan, in ji shi, amma wannan motar jikinsa ce, ba kowane hannu yake bari ya taɓa ta ba.

"Ko sitiyarinta ba mai riƙewa sai ni," ya ce. "Da la'asar zan hau hanyar tudu in je in ga ginin da ake yi mini. A yi aikin a tsanake, a bar gam ya sha iska. Ba na son gaggawa."

A nan ne gwangwanin ya kusa suɓuce wa Auta.

Ƙarar da notunan suka yi ta sa ya waiwayo. Ya dube ta sama da ƙasa, ya tambayi Yaya ko yanzu mata ya koma ɗauka aiki. Yaya ya ce ƙanwarsa ce take taya shi, bai ƙara ko kalma ba. Mai Motoci ya yi dariya ya ce to madalla, in mata sun shiga ƙarƙashin mota, su maza sai su je su kama wanke-wanke. Bai gane ta ba. Ranar da ya zo gaisuwar rasuwar mijinta fuskarta a rufe take, shi ma kuma ba fuska ya zo kallo ba.

Mijin Auta direba ne. A tasha Sannu-Sannu suke ce masa, don fasinja ya yi ta zaginsa a kan ya taka wuta, shi sai ya ce wanda ke sauri ya sauka ya riga su. Mutum ne da ba ya tada mota sai ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa tayoyi, ya buɗe gaba ya zaro gejin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa. Ko fitilar ɗaki ce ba ya kwanciya sai ya duba manta. Auta ta sha yi masa tsiya cewa wata rana ita ma zai ce ta buɗe baki ya duba.

Kwana ɗaya kafin rasuwarsa ya dawo gida ransa a ɓace. Ya ce bas ɗinsa na yoyo ta kwano, ya roƙi a sayi sabuwar gasket, Mai Motoci ya ce gasket ba a bishiya take tsirowa ba. Aka sa bakaniken tasha ya kwance, ya lafta wa tsohuwar gam kamar mai yaɓen bango, ya ɗaure. Gam ɗin ko kama yatsa bai daina ba aka zuba mai, aka ce gobe da asuba ya yi lodi. Auta da ta tashi a garejin ubanta ta ce kada ya ja. Ya ce in bai ja ba akwai mutum goma a kan benci suna jiran makullin.

A tsakiyar tudu, daidai kwana, inji ya buga. Ya sauke fasinjojinsa kaf ya tsayar da su can gefe, ya koma shi kaɗai ya sa wa tayar baya dutse don kada bas ɗin ta gangara. Tirela ta ɓullo daga kwana. Shi ke nan labarinsa.

Wannan Auta ta iya haɗiye shi, don kwana in ya ƙare ya ƙare. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne maganar da ta jiyo daga bayan labule ranar gaisuwa. Mai Motoci ya zauna a tsakiyar maza ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya sauke murya, irin saukewar da ake yi don kowa ya ji, ya ce Allah ya jiƙansa, amma ba a ɓoye gaskiya don mutum ya mutu: bai duba mai ba, inji ya bushe, ga asarar rai ga asarar mota. Maza suka yi ta girgiza kai.

Daga baya Yaya ya je inda aka yar da bas ɗin ya kwance kwanon da hannunsa. Mai yana nan cike. Amma rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta ta toshe ƙam da guntattakin gam, ko iska ba ta wucewa. Inji ya mutu da ƙishirwa alhali yana zaune a kan rijiya. Yaya ya zo ya gaya mata, ya kuma roƙe ta ta bar maganar a ɗaki, don rabin aikin garejinsa daga tashar nan yake zuwa, kuma mai hannu da shuni ba a ja da shi. Ta bari. Ta tattara yaranta ta dawo gidan Yaya, ta koma aikin da ta bari tun tana budurwa. Cikin watannin nan sunan mijinta ya zama abin kwatance. In sabon direba ya yi wasa da mota sai a ce masa kada ya yi irin ta Sannu-Sannu. Har ɗanta ya taɓa dawowa daga makaranta da leɓe a fashe saboda maganar.

Aka tura farar motar kan rami. Mai Motoci ya tari tasi ya tafi, ya ce sai la'asar. Yaya ya sauka ya juye tsohon mai, ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya, ya sa bakin sukundireba ya ɓamɓare kwanon a hankali. Ya miƙo mata shi ba tare da ya dubi idonta ba.

Tsohon da ke facin taya a jikin katangarsu, wanda ya san su tun suna yawo ba wando, ya leƙo yana fifita da kwali. Ya ce yau Auta ta samu babban baƙo, ko za a kawo mata turare ta wanke kwanon da shi. Da ta ƙi tankawa ya ce wannan fuska ai ko taya ta gan ta sai ta sace. Yaya ya yi masa ido, tsohon ya koma kan facinsa yana gunaguni wai yaran yanzu ba su san wasa ba.

Ta zauna da kwanon a kan cinya ta kankare tsohuwar roba da reza. Aiki ne da ba a yi masa garaje, don in reza ta ci ƙarfe ta bar zane, ta nan mai zai samu hanya. Ta wanke da fetur, ta goge, ta sake wankewa har bakin kwanon ya yi fes, ta jingine shi a rana. Sannan ta sauka ramin ta yi wa gindin injin haka. Ga rariyar nan a saitin goshinta, 'yar ƙarama, ba ta fi tafin hannu ba. Ta daɗe tana kallonta.

Ana cikin haka Yaya ya gano matatar man da aka kawo ba ta wannan motar ba ce. Ya ce bari ya je kasuwar kayan gyara ya canjo, in ya dawo sai su ɗaura tare. Ya kai bakin ƙofa ya dawo, ya tsaya a kanta yana sosa ƙeya.

"Auta, ko ki je gida ki huta? Zan ƙarasa."

"Ka taɓa ganin na bar aiki a rabi?"

Ya juya ya hau babur ya tafi.

Bututun gam ɗin sabo ne, baƙi, irin na man goge baki sai dai ya fi girma. Ubansu ne ya koya mata sa shi, don ya ce hannunta ya fi na Yaya nutsuwa. Gam kamar gishiri ne a miya, haka yake cewa, in an gan shi ya yi yawa. In gasket sabuwa ce ba a shafe ta. Ɗigo ake yi kamar ƙwayar wake a kusurwoyin nan huɗu inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ya bar ɗan tsagi, shi ke nan. Abin da ya wuce haka, in aka ɗaure noti matsowa yake yi. Na waje ido yana gani a goge. Na ciki ba mai ganinsa sai mai, shi kuma in ya yi zafi sai ya yi ta lasarsa yana gutsura yana kai wa rariya.

Ta yanke bakin bututun. Ba siririn yanka ta yi ba, can ƙasa ta yanke inda ramin ya kai kaurin ɗan yatsa.

Ta yi ɗigon farko a kusurwa yadda aka koya mata. Ta tsaya. Ta tuna yadda ya ɗaga gasket ɗin a rana yana nuna tambari. Ashe ya san ta asali, ya san jabu, ya san gam yana son iska. Duk ya sani. Da jahilci ne da da sauƙi.

Ta matsa bututun da hannu biyu. Ta bi bakin kwanon ta gefen ciki, a hankali, kamar mai zanen lalle, gam yana fita yana kwanciya kauri-kauri. Da ta zagayo ta sake bi. A ɓangaren da zai zauna kusa da rariya ta ƙara har sai da ya yi tozo. Ta shimfiɗa sabuwar gasket a kai, ta sake bin samanta. Bututun da kan yi musu mota da yawa ya lanƙwashe a hannunta ba komai a ciki.

Ɗaga kwano mutum ɗaya akwai wuya, amma ta tallafe shi da ka da kafaɗa ta kama noti biyu na tsakiya. Daga nan ta bi sauran, wannan gefe, wancan gefe, daga tsakiya zuwa baki, kowanne ta ɗan ja ta bari ta dawo masa. Tana jin gam yana matsewa yana neman wurin zuwa. Wanda ya ɓullo waje ta sa tsumma da fetur ta goge tas, har ta bi da yatsa. In ka leƙa sai ka rantse daga kamfani motar ta fito.

Ba ta ce a ranta tana so ya mutu ba. Ba ta kuma ce ba ta so ba. Abin da take gani kawai shi ne shi a tsakiyar tudu, daidai kwana, inji ya yi shiru, ya fito da tumbinsa yana neman dutse a bakin hanya, yana jin ƙugin tirela bai san ta ina za ta ɓullo ba. Daga nan kuma ya rage tsakaninsa da Mai sama. In ma ya tsira, ita ce za ta fara zuwa jaje, ta sauke murya ta ce halama bai duba mai ba.

Yaya bai dawo ba sai bayan azahar, wai sai da ya zagaye kasuwa kafin ya samu matatar. Ya ga kwano a ɗaure. Ya sauka da fitilar waya ya bi bakin yana haskawa, ya shafa, ya fito yana murmushi, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya ce hannun Baba yana nan bai mutu ba. Ya aika aka sayo musu abinci, har ya tura mata naman da ke nasa. Ta ci. Abin mamaki, rabon da abinci ya yi mata daɗi haka tun mijinta na da rai.

Da rana ta yi sanyi Yaya ya ɗaura matata, ya kafa mazurari ya juye sabon mai, ruwan zuma, yana ƙyalli. Auta tana zaune a kan tsohuwar taya tana kallon galan yana ƙarewa.

Mai Motoci ya iso bayan la'asar a cikin ɗaya daga bas-bas ɗinsa, amma ba shi kaɗai ya sauko ba. Wani siririn mutum ya biyo shi, mai hula a karkace da tsinken sakace a baki, irin mutanen da ke gaida kowa da ƙarfi tun daga nesa. Auta ba ta taɓa ganinsa ba. Mai Motoci ya ce wa Yaya tafiya ta fasa, baƙi sun sauka masa, ga ƙafarsa ta kumbura. Wannan sabon direbansa ne, shi zai kai wa magina saƙo ya juyo a yau. Ya miƙa masa makulli yana gargaɗinsa cewa in ya ga ko ƙwarzane a jikinta, to ya nemi garin da zai koma.

Ba tausayi ba ne ya fara zo wa Auta, haushi ne, irin na wanda ya ɗana tarkon kura ya tarar da karen maƙwabta yana shinshinawa. Ta ce wa ranta ba ruwanta. Ba ita ta aike shi ba. Mota dai ta Mai Motoci ce, in inji ya buga shi zai ji a jikinsa, kuma ba kowace mota da ta mutu a tudu tirela ke samu ba. Ta manne hannuwanta a tsakanin gwiwoyi.

Direban ya shiga ya tada inji. Ya tashi lafiya lau, yana kaɗawa sumul kamar kyanwa. Yaya ya leƙa ƙasa, ko ɗigo babu. Mai Motoci ya gyaɗa kai. Direban ya bar shi ya ɗan yi zafi, ya kashe, ya fito ya buɗe gaba. Ya zaro gejin mai ya goge a gefen wandonsa, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga shi saitin ido.

"Cike yake taf," ya ce, yana wa Yaya dariya. "Kada ka ga kamar ban yarda da aikinku ba, maigida. Ni tun da na ji labarin wancan bawan Allah, Sannu-Sannu, ko uwata ce ta zuba mai sai na duba. Mutum ya kashe kansa a banza saboda ƙyuya, ya bar marayu."

Mai facin taya ya daina buga guduma. Yaya ya sunkuyar da kai yana neman abin da bai ɓata ba a ƙasa. Mai Motoci ya ce ai shi ya sa yake son yaron nan, yana jin magana.

Auta ta tashi. Ta ɗauki sifana a kan tebur, ta sauka ramin. Suna tsammanin wani noti za ta ƙara ja. Sai suka ji shaaa, sabon mai yana zuba a cikin bokiti, da ɗuminsa.

Mai Motoci ya hau faɗa. Ya ce wannan wace irin mugunta ce, mai na asali za a zubar masa, ya ce wa Yaya ya fito da mahaukaciyar nan daga ƙarƙashin motarsa. Yaya ya durƙusa a bakin rami yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa. Ba ta kula shi ba, notunan kwano take bi. Da ya ga inda ta dosa, da kuma yadda kwanon ya ƙi sakin inji sai da ta sa ƙarfi, ya daina kiranta. Ya sauka ya tallafa mata ɗaya gefen.

Ta fito da kwanon ta ajiye a gaban takalmin Mai Motoci. Ta ciki gam ya zazzago ko'ina, yana reto kamar hanjin kaza, wani ya riga ya tsinke yana iyo a sauran man. Ta ce wa direban ya sauka da fitilar wayarsa ya dubi rariya. Ya sauka yana dariyar da bai san dalilinta ba. Da ya fito babu tsinke a bakinsa, a tafinsa kuma ga baƙaƙen guntaye da ya ciro.

"Wannan tashin minti nawa ne kawai," ta ce masa. "Ka ga gejinka ya nuna cike ko? Haka nasa ya nuna. Ya duba. Mijina ne. Bai taɓa tada mota bai duba ba."

Direban ya dubi hannunsa, ya dubi maigidansa. Mai Motoci ya ƙura mata ido, yanzu kam yana kallon fuska. Ya juya wajen Yaya ya ce wane zancen banza ne wannan, a garejinsa za a tsaya a yi masa ƙage.

Yaya ya daɗe yana goge yatsunsa ɗaya-ɗaya da tsumma. Sannan ya ce shi ya kwance kwanon waccan bas ɗin da hannunsa, mai na nan cike, rariya a toshe da gam, kamar wannan. Ya faɗa a hankali, yana kallon ƙasa, amma har mai faci ya ji.

Mai Motoci ya sake duban kwanon. Sai a lokacin lissafin ya zo masa.

"Wannan ɗin fa? Wa ya yi shi?"

"Ni."

"Kin san ni zan ja motar."

"Kai ka faɗa da bakinka."

Ya ja da baya taku ɗaya, kamar kwanon zai sare shi. Ya ce sai ya ɗaure ta, sai ya rufe garejin nan, sai ta gane ruwa ba sa'an kwando ba ne. Mai faci daga inda yake zaune ya ce gaskiya ne, a kira hukuma, in sun zo sai a nuna musu kwano biyu su zaɓi wanda za su fara da shi. Mai Motoci bai sake ambaton ɗauri ba. Ya ce a ɗaure masa motarsa da igiya a jikin bas, ba za ta kwana a nan ba, kuma daga yau ko keken ɗansa ba zai sake shigowa wurin nan ba.

Haka aka yi. Aka tura farar motar aka sauke ta daga rami, ba kwano, ba mai, aka ɗaura ta a bayan bas. Mai Motoci ya ce wa direban ya shiga ya riƙe sitiyari. Direban ya tsaya ya zuba guntayen gam ɗin a aljihun rigarsa tukuna. Da zai wuce ta gaban Auta ya cire hularsa ya ce ta yafe masa, bakinsa ne ba shi da birki. Ta ce ba ta son haƙurinsa, bakin take so, ya kai shi tasha ya sake shi. Ya ce in dai wannan ne, kafin magariba ko mai sayar da ruwa ya ji.

Suka fita, bas a gaba tana hayaƙi, farar mota a baya tana bin ta kamar akuyar da za a kai kasuwa. Kwanon suka manta da shi a tsakar gareji.

Mai faci ya tattara kayansa da wuri ya ce yau ya ga abin da ya ishe shi. Aka bar su su biyu. Yaya ya zauna a kan benci yana kallon filin da bas-bas suka saba tsayawa. Auta ta san abin da yake gani: kuɗin makarantar yara, nasa da nata, da hayar wurin. Ba ta ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Ta jawo kwanon ta ɗora a cinya ta fara kankarewa, don ba ta iya ganin ƙarfe da datti ta ƙyale. Gam ɗin ya yi tauri a sama, ciki kuwa danye ne, yana bin reza yana nannaɗe mata yatsu.

"Auta," Yaya ya ce, bai juyo ba. "Da shi ne ya karɓi makullin fa?"

Ta goge rezar a tsumma.

"Da na buɗe masa ƙofa, na ce Allah ya kiyaye hanya."

Can Yaya ya tashi ya je wajen akwatin kayan aiki, ya kwashe sauran bututan gam da ke ciki ya zuba a aljihunsa, ya ce gobe ta zauna wajen wankin notuna. Ta ce to. Ta ci gaba da kankara.